Yaron jaka da ya shiga gasar manya: tarihin John Shippen

  Filin tarihi na wannan mako zai kai mu Amurka, kan wani wasa da yawancinmu ba mu taɓa riƙe sandarsa ba, wato golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Wani zai ce, ina ruwan mai noman gero da wasan attajirai? In ana maganar wasa a nan, ai Semassi ce da Foadan. Ka yi haƙuri, mai karatu, ka biyo mu. Mutumin da za mu ba ka labarinsa ɗan talaka ne, baƙar fata, kuma ya shiga wasan ta ƙofar da yaranmu ke shiga kowace sana'a, wato ɗaukar kayan maigida. Sunansa John Shippen. Abin da ya same shi ya shafi duk wanda ke da yaro a shago, da duk wanda ya kai ɗansa koyon aiki.

Yadda wasan yake

Bari mu fara da wasan kansa, don lissafin da ke tafe ya yi maka sauƙi. Fili ne mai faɗi, an shuka ciyawa, an haƙa ƙananan ramuka 18 nesa da juna. Ƙwallon bai wuce ƙwan zabo ba. Kana bugunsa da sanda daga wani wuri har ya faɗa rami na farko, ka ciro shi, ka nufi na biyu, haka har na 18. Kowane bugu ana ƙirga shi. Saɓanin ƙwallon ƙafa, a nan mai ƙaramin lissafi shi ne gwani: wanda ya gama da bugu 75 ya kayar da mai 80. A hanya akwai tarko iri-iri, yashi da ruwa da doguwar ciyawa, in ƙwallo ya faɗa ciki sai an sha wuya.

Sandunan suna da yawa, kowace da aikinta, wata ta dogon bugu, wata ta gangarawa cikin rami. Shi ya sa mai wasa ke ɗaukar yaro ya riƙe masa jakar sanduna, ya bi shi duk inda ya nufa. Turawa na ce wa wannan yaro kadi. Mu ce masa yaron jaka. Shi ke ganin inda ƙwallo ya faɗi, shi ya san inda iska ke kaɗawa da inda ƙasa ta karkata. Yana tsaye yana kallo daga safe har yamma, kuma ka san ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kafin maigida ya ankara, yaronsa ya fi shi sanin filin.

Daga ƙasar Sikotland wasan ya fito. Ya kama ƙasa sosai a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1880, hannun masu kuɗi. Tun farko an raba mutanensa gida biyu. Akwai attajirai 'yan kulob, masu yi don nishaɗi. Akwai kuma 'yan sana'a, masu ci da wasan: su gyara fili, su ƙera sanduna, su koyar, su buga gasa don kuɗi. A Amurkar wancan lokaci 'yan sana'ar nan baƙi ne daga Sikotland da Ingila, kuma duk da fararen fata ne, ma'aikata ake ɗaukarsu. A kulob da yawa ba a barinsu su shiga ɗakin cin abinci na 'yan kulob. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Ɗan fasto a ƙasar Shinnecock

An haifi John Matthew Shippen a birnin Washinton a watan Disamba na 1879. Mahaifinsa, wanda shi ma John ne sunansa, cikin bauta aka haife shi a jihar Virginia. Bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865 aka soke bauta, ya yi karatu a jami'ar Howard, ya zama fasto. A 1888 coci ta tura shi aiki wurin wata al'umma mai suna Shinnecock, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, waɗanda aka keɓe wa ɗan yanki a tsibirin Long Island, gabas da birnin Niyok. John yana yaro ɗan kimanin shekara tara suka koma can.

A 1891 wasu attajiran Niyok da ke zuwa hutu garin Southampton suka kafa kulob a kan tuddan da ke maƙwabtaka da wannan yanki, suka sa masa suna Shinnecock Hills. Mazan Shinnecock ne suka sare daji suka share filin, a kan ƙasar da kakanninsu suka zauna. 'Ya'yansu kuma suka zama yaran jaka. Wani ɗan Sikotland, Willie Dunn, shi ya faɗaɗa filin zuwa ramuka 18, kuma shi ya koya wa wasu daga cikin yaran yadda ake riƙe sanda. Biyu suka yi fice: Oscar Bunn, ɗan Shinnecock, da John ɗan fasto. Yana da shekara 16 ya riga ya zama mataimaki a kulob ɗin. Yana gyaran sanduna, yana koya wa manyan mutane wasa, kuma a fili yana kayar da 'yan kulob.

Ranar 18 ga Yuli, 1896

Hukumar golf ta Amurka, USGA, an kafa ta a Disamba 1894. Ta shirya babbar gasar ƙasa, US Open, karo na farko a 1895 a garin Newport, inda wani Ba'ingile, Horace Rawlins, ya ci. Karo na biyu aka kawo ta Shinnecock Hills. 'Yan kulob ɗin, da yake sun san abin da yaransu suka iya, suka biya wa Shippen da Bunn kuɗin shiga.

Don ka gane nauyin abin, dubi zamanin. Ranar 18 ga Mayu, 1896, wata biyu cur kafin gasar, kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Plessy da Ferguson cewa doka ta yarda a raba baƙi da farare a jirgin ƙasa, muddin an ce an yi wa kowa tanadi daidai. Wannan hukunci ya zama tsanin da aka taka aka raba makarantu da asibitoci da wuraren cin abinci har fiye da shekara hamsin. A nan gida kuwa, shekarun nan ne Jamusawa ke hawowa arewa suna kafa tashoshinsu a Mango da Sokode. Ko'ina ka duba, ƙofa ake rufe wa baƙar fata.

Ana gobe gasa, 'yan sana'ar nan na Sikotland da Ingila suka haɗa kai suka je wa shugaban hukumar, Theodore Havemeyer, wani hamshaƙin mai masana'antar sukari. Suka ce in yaran nan biyu za su buga, su sun fasa. Havemeyer ya amsa musu cewa za a yi gasar gobe ko da Shippen da Bunn kaɗai ne suka rage a fili. Gari na wayewa kowa ya fito da jakarsa.

Me ya sa suka yi wannan bore? Ƙyamar launin fata tana ciki, babu shakka. Amma ka tuna su ma ma'aikata ne da ake shigarwa ta ƙofar baya. Jarinsu guda ɗaya ne: attajiran Amurka sun yarda cewa sai wanda ya fito daga tsibirin Birtaniya ne ya san wasan. In yaron da aka haifa a nan, wanda jiya yake ɗaukar jaka, ya kayar da su a bainar jama'a, farashinsu ya faɗi. Sau da yawa wanda ke mataki na biyu daga ƙasa shi ya fi taka hannun mai hawowa. Wannan ba sai an je Amurka ba, a kasuwanninmu da tashoshin motarmu ma muna gani.

Mutum 35 suka yi rajista. Zagaye biyu za a yi a rana ɗaya, ramuka 36. Da safe Shippen ya gama da bugu 78, yana cikin 'yan sahun gaba. Ɗan shekara 16, jama'a, a gaban mutanen da suka girma cikin wasan. Da yamma yana tafe lafiya har ya iso rami na 13, ɗan gajeren rami da gwani ke gamawa da bugu huɗu, wanda ya sha bugawa ba adadi. Ƙwallonsa ya karkata dama fiye da kima, ya faɗa wata hanya mai yashi. A lokacin ba a ƙera sandar zamani mai ɗaga ƙwallo daga yashi ba, sai a 1932 Gene Sarazen ya shahara da irinta. Shippen ya yi ta bugu, ƙwallo na gangarawa kan hanyar, ya ƙi tashi. Kafin ya shiga rami an ƙirga bugu 11.

Ga lissafin. Ya gama zagaye na biyu da 81, jimilla 159. Wanda ya ci, James Foulis ɗan Sikotland, ya yi 152. Tazarar bakwai ce. Cire huɗu daga 11, bakwai ne. Wato da ya buga wannan rami yadda ya saba, da ya yi kunnen doki da zakara. A cikin masu buga don kuɗi, mutum huɗu ne kawai suka fi shi. Foulis ya karɓi dala 150, Shippen ya karɓi dala 10, kusan ladar mako guda ta lebura a lokacin. Bunn ya ƙare a na 21. Da tsufansa Shippen ya faɗa wa wani ɗan jarida cewa ya sha fatan a ce ya sake buga wannan ɗan rami.

Dala goman nan tana da nauyi a tarihi. Masana wasan da yawa na ɗaukar Shippen a matsayin ɗan sana'ar golf na farko da aka haifa a Amurka, baƙi ko fari. An daɗe ana rubuta cewa rabinsa ɗan Shinnecock ne, kamar dai a rage masa baƙi don abin ya haɗiyu. 'Yarsa ta bayyana daga baya cewa iyayensa duka biyu baƙar fata ne.

Abin da ya biyo baya

Shippen bai tsaya nan ba. Ya ci gaba da shiga US Open lokaci-lokaci har 1913. A 1902, a filin Garden City, ya zo na biyar tare da Willie Anderson, mutumin da ya ci wannan gasa sau huɗu tsakanin 1901 da 1905. Ka ga abin da ya yi a 1896 ba sa'a ba ce. Ya yi aiki a manyan kulob na farare, kamar Maidstone a Long Island da Aronimink kusa da Philadelphia. Ya ƙera sanduna da sunansa a jiki. Attajirai suna biyansa ya koya musu.

Amma dubi abin da ke faruwa a gefensa. A 1911 John McDermott, tsohon yaron jaka ɗan shekara 19, ya zama haifaffen Amurka na farko da ya ci US Open. A 1913, gasar ƙarshe da Shippen ya buga, wani tsohon yaron jaka, Francis Ouimet, ɗan shekara 20, ya kayar da zakarun Birtaniya biyu, Harry Vardon da Ted Ray, jaridu suka ɗauka, 'ya'yan talakawa suka rungumi wasan. A 1916 'yan sana'a suka kafa ƙungiyarsu, PGA. A 1920 kulob ɗin Inverness ya buɗe musu ɗakunansa lokacin US Open, kuma irin su Walter Hagen suka mai da sana'ar ta zama abin alfahari da arziki. Yaran jaka farare suka zama manya. Hanyar da Shippen ya fara takawa ta zama titi, sai dai shi aka hana shi hawa.

Daga 1913, babu baƙar fata da ya sake buga US Open sai Ted Rhodes a 1948. Shekara 35 ke nan. A 1934 PGA ta rubuta cikin tsarin mulkinta cewa farar fata kaɗai ke zama ɗan ƙungiya. Kuma katin wannan ƙungiya shi ne mabuɗin manyan gasa da manyan guraben aiki.

To ina maganar Havemeyer? A nan darasin yake. Havemeyer ya rasu a watan Afrilu na 1897, ko shekara ba a yi ba da gasar. Abin da ya yi alheri ne, kuma tarihi ya riƙe masa. Sai dai maganar baki ce ta mutum ɗaya mai ƙarfi, a rana ɗaya. Waɗanda suka buɗe ƙofa sun yi da baki. Waɗanda suka rufe ta sun yi da alƙalami, suka sa hannu, suka buga hatimi. Maganar baki ta bi mai ita kabari, rubutun kuwa ya yi shekara 27 yana aiki.

Shady Rest

Da aka rufe musu ƙofa, baƙaƙen Amurka ba su zauna suna kuka ba. Akwai masu ilimi da masu hali a cikinsu da ke son wasan. Tun 1899 wani likitan haƙori baƙar fata a Boston, George Grant, ya yi rajistar ɗan turken katako da ake ɗora ƙwallo a kai kafin bugun farko. A 1921 wasu suka haɗa kuɗi suka sayi wani fili mai ramuka tara a garin Scotch Plains, jihar New Jersey, suka sa masa suna Shady Rest. Ya zama matattarar manyan baƙaƙe: makaɗa irin su Duke Ellington da Count Basie sun yi wasa a wurin, masani W.E.B. Du Bois ya yi jawabi. A 1925 aka yi gasar golf ta baƙaƙe a wannan fili, kuma daga wannan yunƙuri aka samu ƙungiyarsu ta kansu, UGA, wadda ta riƙa shirya gasarta duk shekara. Kuɗin kyautar ƙanana ne, amma a nan ne gwanaye suka samu wurin gwada hannu.

A farkon shekarun 1930 Shippen ya koma Shady Rest, ya zauna kusan shekara 30 yana kula da fili yana koyarwa, yana kwana a ginin kulob ɗin. Yara da yawa da suka ɗauki jaka a wurin ba su san tsohon da ke gyara musu riƙon sanda ya taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Willie Anderson ba. Ya rasu a watan Mayu na 1968 a gidan kula da tsofaffi a birnin Newark, yana da shekara 88, makonni kaɗan bayan kisan Martin Luther King. An binne shi a garin Linden, kabarin babu ko alama, sai bayan shekaru wasu masu kishin tarihinsa suka sa dutse mai sunansa.

Yadda aka goge rubutun

Dokar 1934 ba ta faɗi don zuciyar wani ta yi laushi ba. A 1948 aka hana Bill Spiller da Ted Rhodes shiga wata gasa a Richmond ta jihar California duk da sun cancanta, suka kai ƙara kotu. A 1952 zakaran dambe Joe Louis, wanda ke son golf, ya tayar da ƙura a gasar San Diego har jaridun ƙasar suka ɗauka. Daga bisani babban lauyan gwamnatin California, Stanley Mosk, ya gargaɗi PGA cewa ba za ta yi gasa a filayen jiharsa ba muddin wannan layi na cikin tsarinta, kuma ya nemi takwarorinsa na wasu jihohi su yi haka. A Nuwamba 1961 aka cire shi. Charlie Sifford, shi ma tsohon yaron jaka, ya shiga sahun manya yana dab da shekara 40, lokacin da ƙarfin ɗan wasa ya fara ja da baya, amma duk da haka ya ci gasar Hartford a 1967. Shippen yana raye ya ga wannan. Lee Elder ya zama baƙi na farko da ya buga gasar Masters a 1975, a filin Augusta, inda har zuwa 1982 yaran jakar gasar duka baƙaƙe ne. A 1997 Tiger Woods, yana da shekara 21, ya ci wannan gasa da tazarar bugu 12.

Shi kuwa Shippen, a 2009 PGA ta ba shi katin zama ɗan ƙungiya, tare da Rhodes da Spiller, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Shekara 41 bayan rasuwarsa, shekara 113 bayan gasar Shinnecock Hills. A 2021 kuma aka fara wata gasa da sunansa a Detroit don 'yan wasa baƙaƙe. An kyauta. Amma kati ba ya amfanin wanda ke kabari.

A nahiyarmu

Kada ka ce wannan halin Amurka ne kawai. Turawan mulkin mallaka sun kawo wasan Afirka da tsarinsa duka. Filin Rayfield na Jos, cikin yankin haƙar kuza, ana lissafa shi tun 1913, shekarar da Shippen ya buga US Open ta ƙarshe. Kano da Kaduna da Zariya duk suna da filayensu tun zamanin Turawa, akwai a Akra, akwai a Lome. A wurare masu ƙarancin ruwa, maimakon ciyawa a bakin rami, yashi ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe. Bature na bugu, yaron gari na ɗauke da jaka. Kuma kamar a Amurka, da yawa daga cikin 'yan sana'ar golf na Najeriya da Gana daga ɗaukar jaka suka taso.

A Afirka ta Kudu akwai Papwa Sewgolum, ɗan asalin Indiya, talaka, yaron jaka a Durban. Ya ci gasar ƙasar Holan sau uku, a 1959 da 1960 da 1964. A gida ya ci gasar Natal a 1963 da 1965, a ta biyun ma ya kayar da Gary Player. Saboda dokar wariya, a waje aka miƙa masa kofi ruwan sama na dukansa, fararen da ya kayar suna cikin ɗaki. Daga baya gwamnati ta hana shi shiga gasar farare, ya rasu cikin talauci a 1978. Shi ma izini aka riƙa ba shi gasa bayan gasa, kuma ranar da aka ga dama aka janye.

Abin da ya shafe mu

Yanzu mu dawo gida. Shiga kasuwar Dapaong ko unguwannin Sokode, ka ƙirga yaran da ke shagon tela, da garejin makaniki, da wurin walda, da masu bin manyan motoci a hanyar Lome zuwa Sinkase. Dukansu yaran jaka ne. Suna share shago, suna miƙa sufana, suna kallo. Da yawa cikin shekara uku sun iya aikin, wasu har sun fi maigida hannu. Tambayar ita ce, wa zai shaida sun iya, kuma yaushe?

Mun san yadda abin kan kasance. Uba ya kai ɗansa, aka yi gaisuwa, aka raba goro, maigida ya ce ai ɗana ne, bar komai a hannuna. Babu takarda, babu ranar farawa, babu ranar gamawa. In maigidan mutumin kirki ne kuma Allah ya ja kwanansa, yaro ya dace. In ya rasu, ko ya yi ƙaura, ko ya ga yaron ya zama shi ne ƙashin bayan shago, sai shekara uku ta zama shida. Bikin yaye, wanda muke ce wa liberasiyon, mutanen Gana su ce firidom, sai a yi ta ɗaga shi, ko a jibga kuɗi da kayan da iyaye ba za su iya ba. Yaro ya iya aiki amma ba shi da shaida, daidai da Shippen da ya zo na biyar a ƙasa amma ba shi da kati.

Saboda haka, kai uba ko uwa, in za ka kai yaro koyon sana'a, a yi goron, a yi addu'a, sannan a rubuta: shekara nawa, kuɗi nawa, me za a kawo ranar yaye, su wa suka shaida. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Ko a addini an umarce mu da rubuta bashi mu kafa shaidu, kuma ba don ana zargin kowa ba. A nan Togo akwai jarrabawar ƙarshen koyon sana'a da hukuma ke shiryawa, wadda ake kira CFA. Ka tambaya a ƙungiyar masu sana'ar garinku yadda ake rajista, ka tabbata an sa sunan yaronka in lokaci ya yi. Takardar za ta bi shi Bawku ko Wagadugu ko Kwatano, inda ba wanda ya san maigidansa.

Kai kuma maigida, Willie Dunn ya koya wa yaron jakarsa riƙon sanda, kuma yau ana ambatonsa da alheri saboda haka. 'Yan'uwansa da suka je yin bore ana gobe gasa, da wannan boren ake tuna su. Yaron da ka yaye a kan lokaci, zai buɗe shago ya ce wane ne ya koya mini, sunanka ya shiga garin da ba ka taɓa zuwa ba. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin teloli da direbobi da makanikai, ku duba dokokinku: shin don kare ingancin aiki aka yi su, ko don tare wa baƙo da ɗan talaka hanya? PGA ma da sunan kare sana'a ta fara.

Kai kuma yaro mai riƙe da jaka, Shippen ya yi bugu 11 a rami ɗaya a gaban jama'a, bai jefar da sanda ba, ya ƙarasa ramuka biyar da suka rage, bayan shekara shida ya dawo ya zo na biyar. Ka buɗe ido, ka koyi aikin har ƙarshe, sannan ka nemi takardarka cikin ladabi tun maigida yana da rai da lafiya.

A nan za mu dakata. Masu wasiƙa da masu kiran waya, muna son jin yadda ake yaye yaran sana'a a garuruwanku, na wannan gefen iyaka da na wancan, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.